Bayan Gashin Kansar Mama: Ƙunar da Ke Biyo Mace Har Gida

Sharhinmu na yau zai leƙa wani ɓangare na jinyar kansar mama da ba a cika zancensa ba, wato halin da fata ke shiga idan aka yi wa mace gashi da na'ura bayan tiyata.

A watan Yulin 2025 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da takwarorinta biyu a Benin da Enugu. Ga mutanen Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya a ƙasar Kankiya, da na Mawashi da sauran garuruwan Kusada, wannan labari ne mai nauyi. A da, macen da likita ya ce sai an yi mata gashi, hanyarta ita ce Shika a Zariya, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Abuja. Kuɗin mota da masauki da ciyar da mai jinya kaɗai sun isa su sa a haƙura. Da tafiya ta ragu, mata da yawa za su samu gashi, kuma gidaje da yawa za su fara ganin abin da ba su saba gani ba: uwa ko 'ya ta dawo daga asibiti an ce an gama magani, amma ƙirjinta ya yi baƙi ƙirin, yana ƙaiƙayi, wani wurin ma yana saɓulewa.

Abin da ya kamata kowane gida ya sani tun yanzu shi ne, wannan ƙuna ba ta kai maƙura a gaban likitan da ya yi gashin. Tana kai maƙura ne mako ɗaya zuwa biyu bayan zama na ƙarshe, lokacin da mace ta riga ta koma ɗakinta a Rimaye. A wannan lokaci masu kula da ita su ne mahaifiyarta, da ƙanwarta, da abokiyar zamanta, da maigida, da ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin gari. Abin da suka sani da abin da ba su sani ba shi ke raba tsakanin fatar da za ta warke cikin makonni da gyambon da zai kwantar da mace watanni.

Kafin a shiga zancen illa, a fara da amfani. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da kansar mama a duniya, kuma ta kashe kusan 670,000. A Nijeriya, sababbin kamu a wannan shekarar sun haura 32,000, ita ce kan gaba a duk nau'o'in kansa a ƙasar. Tiyata tana cire ƙarin da ido ke gani, amma tana iya barin ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya hangowa. Su gashi ke bi ya kashe. Wani babban nazari da masana na Jami'ar Oxford suka wallafa a 2011, wanda ya tattara bayanan mata sama da 10,000 da aka cire wa ƙari aka bar musu mama, ya nuna cewa cikin shekara 10 cutar ta dawo wa kashi 35 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa gashi ba, amma kashi 19 kawai na waɗanda aka yi wa. Kusan rabi ke nan. Duk abin da za a ji nan gaba game da fata, a auna shi da wannan.

Shi kansa gashin babu zafi a cikinsa. Mace za ta kwanta a kan gadon na'ura, ta ɗaga hannu sama da kai. An riga an yi mata alamomi a ƙirji da alƙalami na musamman ko da ɗigon tawada, domin kullum hasken ya sauka wuri ɗaya. Ma'aikata su fita, na'ura ta zagaya tana ɗan gunji na 'yan mintuna, shi ke nan. Ba ta ga wuta ba, ba ta ji ɗumi ba. A makon farko takan fito tana cewa, "Ashe wannan ne gashin da ake ta tsoratarwa?"

Dalilin jinkirin yana cikin yadda Allah ya halicci fata. A can ƙarƙashinta akwai wani layi na ƙwayoyi da ba sa hutawa, kullum suna rabuwa suna haifar da sababbi. Sababbin suna hawowa a hankali, su maye gurbin tsofaffin da ke zubewa, kuma zagayen yana ɗaukar kimanin mako huɗu. Hasken gashi ya fi illa ga duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Da haka yake cin kansa, da haka kuma yake taɓa wannan layi a kan hanyarsa ta shiga. Manomi ya san ba ranar da fari ya kashe gona ake jin yunwa ba, sai ranar da rumbu ya ƙare. Haka fata take: tsohuwar da ke sama tana riƙe wuri mako biyu ko uku, sai ta zube a tarar babu isasshiyar sabuwa a ƙasa.

Masana sun san wannan jinkiri tun farkon al'amari. A 1901 masanin kimiyya ɗan Faransa, Henri Becquerel, ya saka ɗan ƙaramin bututun sinadarin radiyom a aljihun falmaransa na 'yan sa'o'i. Bai ji komai ba, sai bayan kwana goma ko kusa da haka fatar wurin ta yi ja, daga baya ta zama miki. A shekarun da suka biyo baya likitocin Turai har suka mayar da jan fata ma'auninsu: idan fata ta yi ja, sun san hasken ya kai wani adadi.

A nan ne gizo ke saƙa ga matan ƙasarmu. Littattafan likitanci har yau suna farawa ne da cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja. A jikin baƙar mace, jan ba ya fitowa fili. Abin da za a gani shi ne wuri ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, wani lokaci da ɗigo-ɗigon baƙi a gindin gashin jiki, kuma duhun yana da iyaka a miƙe kamar an ja layi, daidai inda hasken ya tsaya. Idan aka kai bayan hannu kusa, za a ji ya fi ɗaya gefen ɗumi. Mai jira sai ya ga ja zai makara. Don haka maganar mace ita ce shaida: idan ta ce wurin yana mata raɗaɗi, ko yana ɗaure mata, ko rigar da ta saba sawa ta fara cizonta, ƙuna ta fara ko ido bai gani ba.

Matakan a jere suke. Daga mako na biyu zuwa na uku, duhu da ɗumi da ƙaiƙayi. Daga nan bushewa da ɓarewa, fata tana zubar da gari-gari. A wasu matan ana kai wa mataki na uku, inda fatar sama ke saɓulewa ta bar wuri ɗanye yana tsattsafo da ruwa. Mafi yawan mata, kusan 9 cikin 10, za su ga wani canji a fatarsu, amma ba kowa ke kai wa saɓulewa ba. Inda ta fi aukuwa shi ne wuraren da fata ke gogar fata kuma gumi ke taruwa: hamata, da ƙarƙashin mama, da gindin wuya, da layin ɗinkin tiyata. Idan an gasa har saman ƙashin wuya, wani lokaci akan ga duhu a bayan kafaɗa, inda hasken ya fita. Iyali kan tsorata su ce cutar ce ta ɓulla ta baya, alhali ba ita ba ce.

Akwai dalilin da ya sa matan Arewa ke shan wannan fiye da yadda ake karantawa a littafi. Da yawa ba sa isa asibiti sai cuta ta yi nisa, bayan an gama yawo tsakanin kemis da masu maganin gargajiya. A wannan mataki mama gaba ɗaya ake cirewa, sannan a gasa bangon ƙirji da hamata. Tunda cutar kan dawo a fatar ƙirjin kanta, likita kan shimfiɗa wani lallausan faifai mai kama da roba a kan wurin domin hasken ya kai ga fata da gangan. Ƙuna a irin wannan hali ba kuskuren ma'aikaci ba ce, cikin tsarin maganin take. Tsohuwar na'urar kobalt ma ta fi taɓa fata idan aka kwatanta da ta zamani da ake kira linak. Ƙiba, da girman mama, da ciwon suga, da shan taba, da haɗa gashi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, duk suna ƙara tsanani.

To, yanzu a shiga cikin gida, domin a nan ake gyarawa, a nan ake ɓatawa, kuma galibi da kyakkyawar niyya.

Na farko shi ne ruwan zafi. A ƙasar Hausa an yarda cewa jikin da ya sha wuya sai an gasa shi. Hannun da ya saba da wankan jego, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya, shi zai ɗauko tsumma ya ce bari a gasa mata wurin jini ya sake. Fatar da ta sha hasken na'ura ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan. Gashi ɗaya da ruwan zafi ya isa ya saɓule wurin da da zai warke da kansa. Ƙanƙara ma haka take. Soson wanka da sabulu mai kaifi, da man zafi, da turare, da hoda a matsematsi, da alimun da wasu ke gogawa a hamata, duk a ɗaga musu ƙafa daga wannan wuri. Abubuwan da aka saba shafa wa ƙunar wuta, irin su ɗanyen ƙwai, da man goge baki, da gishiri, da toka, da garin sassaƙe, hanya ce ta gayyato ƙwayoyin cuta. Kuma idan duhun ya dami mace, kada wata ƙawa ta kawo mata man bilicin ta ce zai wanke shi. Zai ƙara sirantar da fatar ne.

Na biyu shi ne sutura da aikin yau da kullum. A duba ɗaurin ƙirji: bakin zani yana bi ne ta hamata ya ratsa ƙirji, daidai kan layin da ya fi rauni, kuma duk motsi sai ya goga. A duba goyo: nauyin yaro gaba ɗaya yana rataye ne a kan majanyin da aka ƙulle a ƙirji. Daka da surfe suna sa hamata gugar kanta sau ɗaruruwa. Sunkuyawa a kan murhu tana kai hucin wuta ga ƙirji. A waɗannan makonni sai gida ya raba mata aiki, wata ta karɓi girki, wata ta karɓi goyo. Ita kuma ta sa riga mai yalwa ta auduga, ta bar rigar mama mai ƙarfe ko mai matsewa, ta riƙa samun lokaci a ɗaki ta buɗe wurin ya sha iska. Lokacin bazara gumi ne abokin gaba, lokacin hunturu kuma bushewa da tsagewa. Hutun daka ba ya nufin a bar hannu ya sanƙare. Motsa kafaɗar da aka koya mata bayan tiyata a ci gaba da shi a hankali.

Wanka fa? An daɗe ana hana masu gashi taɓa ruwa, kuma har yau akwai masu faɗin haka. Wani bincike da aka wallafa daga Kanada a 2001 a kan mata 99 ya nuna akasin haka: saɓulewar fata ta samu kashi 33 cikin 100 na waɗanda aka hana wanke wurin, amma kashi 14 na waɗanda suka wanke da ruwa da sabulu. Ƙa'idar ita ce ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙamshi, tafin hannu ba soso ba, sannan a dinga ɗora tawul mai laushi ana ɗagawa maimakon gogewa. Alamomin da aka zana, kada a kankare su matuƙar ba a gama gashi ba. Mata da yawa suna damuwa da wankan tsarki, tunda a mazhabar Malikiyya ana buƙatar cuɗawa. Bin wurin da hannu a hankali ya wadatar, kuma littattafan fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin rauni. Wadda ta shiga shakka ta aika a tambayi malami, kada kunya ta sa ta dirje ciwo.

Maganar abin shafawa, a bar wa likitan gashi. Man da ba shi da turare yana rage bushewa, kuma mace ta nuna wa ma'aikata duk abin da take shafawa, ko da man kaɗanya ne, su gaya mata lokacin da ya dace. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai suna MASCC, a jagorar da ta fitar a 2023, ta goyi bayan mayukan mometason da betametason, da wasu siraran ledoji na musamman da ake mannawa domin kare fata daga guga. Alobera kuwa, duk da sunan da ya yi, bincike bai tabbatar yana hana wannan ƙuna ba. Mayukan mometason da betametason kuwa da takardar likita ake amfani da su, kuma a kan fatar da ba ta fashe ba. Idan wuri ya riga ya saɓule, aikin ya koma na wankewa da ruwan gishirin asibiti da rufewa da bandejin da ba ya mannewa. Kada a liƙa filasta a kan fatar da aka gasa, domin wajen ɓantarewa tana tahowa da fata. Auduga ma tana maƙalewa a miki.

Akwai alamomin da idan aka gani ba a kwana da su: zazzaɓi, mugunya, wari, kumburi mai yaɗuwa fiye da iyakar wurin gashi, jini, ko zogin da ya hana barci. A nufi Babban Asibitin Kankiya ko asibiti mafi kusa a ranar, a kuma sanar da cibiyar da ta yi gashin. Mai ciwon suga da wadda ke kan kemo, su ne ba a yi wa jinkiri ko kaɗan. Wasu magungunan kemo ma kan tayar da tsohuwar ƙuna, wurin da ya warke ya sake yin duhu da raɗaɗi bayan makonni ko watanni. Wannan ma likita ake kai wa.

Babbar asarar da ƙuna ke jawowa ba a fata take ba. Ita ce mace ta tsorata a mako na uku ko na huɗu ta daina zuwa, dangi su ce, "An ƙona ta, a dawo da ita gida." Gashin da aka katse bai gama aikinsa ba, kuma duk tazarar da aka bari dama ce ga ƙwayoyin kansa su farfaɗo. Idan fata ta yi tsanani har ana buƙatar hutu, likita ne zai yanke, kuma ya san yadda zai cike giɓin. Game da yawan zama kuwa, tsohon tsari zama 25 ne cikin mako biyar. Binciken START na Birtaniya, wanda sakamakonsa na shekara 10 ya fito a 2013, ya nuna zama 15 cikin mako uku yana aiki daidai da shi, kuma ya fi sauƙi ga fata. A 2020 wani binciken, FAST-Forward, ya nuna wasu matan zama 5 cikin mako ɗaya ya ishe su. Ba kowace mace gajeren tsari ya dace da ita ba, amma iyalin da nisa da kuɗi suka dame su suna da damar su tambaya. Haka kuma su tambayi ofishin walwala na asibiti game da asusun tallafin masu kansa na Gwamnatin Tarayya, wanda kansar mama ke cikin cututtukan da ya shafa.

Galibi fata tana haɗewa cikin mako biyu zuwa huɗu bayan ta kai maƙura. Duhun kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya washe, a wasu ba ya tafiya duka. Gashin hamata yana iya ƙin dawowa, gumi ya ragu a wurin, fata ta ɗan yi tauri, kuma ta ci gaba da jin zafin rana fiye da sauran jiki. Kumburin hannu a gefen da aka yi aiki matsala ce daban, ta taruwar ruwa ce saboda an taɓa kaluluwar hamata, kuma gara a kai ta asibiti da wuri. Duk wani sabon ƙulli, ko miki, ko tabo da ya ɓullo a wurin bayan an warke, a nuna wa likita.

Sai maganar da magidanta suka fi buƙatar ji. Gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jikin mace. Da an kashe na'ura, haske ya ƙare. Tana iya ɗaukar jikanta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa, ta kwana ɗaki ɗaya da mijinta. Ƙunar ba ta yaɗuwa, kansar ma ba a ɗaukarta. Abin da likita ke gargaɗi a kai shi ne samun ciki a lokacin gashi. Macen da aka cire wa mama, sannan ta ga ƙirjinta ya canza kama, tana ɗauke da abin da ya ishe ta. Idan aka ƙara mata da ware kwano da ƙaurace wa ɗakinta, ɓoye ciwo za ta yi, kuma ciwon da aka ɓoye a ƙarƙashin hijabi shi ke ruɓewa.

Ga hukumomi kuma akwai aiki. Kankiya tana da makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙananan asibitocin karkara. Su ne za su fara ganin wannan fata, kuma da yawansu ba su taɓa ganin irinta ba. Darasi ɗaya da hotunan baƙar fata, ba na Turawa ba, zai hana a ɗauke ta ƙunar wuta ko dawowar kansa. Cibiyoyin gashi su ma kada su sallami mace da baki kawai. A ba ta takarda da Hausa mai ɗauke da ranar zama na ƙarshe, da wurin da aka gasa, da man da aka yarda ta shafa, da lambar wayar da za a kira, da ranar komawa. A kuma yi bayanin a gaban wadda za ta yi jinyarta a gida, domin ita ce za ta riƙe tsumma da ruwa, ita ce kuma za ta tare ƙofa idan maƙwabta suka shigo da nasu magungunan.

Sharhin ke nan na yau, masu sauraro. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.